Mil Huɗu a Bahar Maliya

Mu biyu ne kawai 'yan Jigawa a ajinmu na makarantar koyon tuƙin jiragen ruwa a Iskandariya ta ƙasar Masar: ni Sale, daga wajen Sundimina a ƙasar Birnin Kudu, da Garba, ɗan Gwaram. Kafin mu je can, babban ruwan da muka sani shi ne kogi in ya cika ya tumbatsa da damina. Garba yakan ce an ɗebo mutum biyu da ba su iya iyo ba an ce su je su tuƙa teku. Ni kuma Bafillacen bogi yake kirana, wai ba ni da kalma goma ta Fillanci, shanun da nake taƙama da su ma na kakana ne. Ni mai saurin fushi ne, bakina kuma ba ya da linzami. Shi kuwa ko ka taka shi, shi ne zai ba ka haƙuri.

Mun gama karatun aji lafiya, amma ba a ba mutum takardar shaida sai ya yi watanni a cikin teku, kyaftin ya sa masa hannu cewa ya yi. In babu wannan sa hannu, shekarun da ka kwashe a aji sun bi ruwa. 'Yan ajinmu masu kawunnai a kamfanoni suka watse ɗaya bayan ɗaya, mu muka zauna a ɗakin haya muna cin wake da gurasa safe da yamma, har na tsani ganin wake. A nan wani dillali ya same mu, mai laushin murya da carbi a hannu. Ya nuna mana hoton wani farin jirgi ƙato, ya karɓe ɗan abin da ya rage mana, ya ce jirgin yana jiranmu a Barbara, a gaɓar Somaliya. Baƙo ko da ido makaho ne. Har godiya muka yi masa.

Da muka isa Barbara, tun kafin mu ga jirgin muka ji warinsa. Tsohon jirgi ne da tsatsa ta cinye, an yi masa hawa-hawa kamar akurkin kaji, yana jigilar tumaki zuwa Jidda. Lambar dillalin kuwa ta daina shiga. Na tsaya a bakin tashar ina ta zage-zage da Hausa, Garba yana jan rigata. Ya ce jirgi dai jirgi ne, sa hannu kuma ba ya wari.

Kyaftin ɗin wani tsoho ne mutumin Siriya, ba shi da yawan magana. Mataimakinsa, wanda kowa ke kira Cif, shi ne mai yawan maganar, kuma tun ranar farko ya nuna mana cewa bai ɗauke mu a bakin komai ba. Kyaftin ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya san dabbobi. Garba, don tsokana, ya nuna ni. Shi ke nan aka tura ni ƙasa wajen tumaki, ina zuba harawa, ina wanke kashi da bututun ruwa, shi kuma aka hau da shi ɗakin tuƙi. Na daɗe ban yi masa magana ba. Na tsallaka ƙasashe don in guje wa kiwo, sai ga ni ina kiwo a kan ruwa.

Wanda ya sasanta mu shi ne kukun jirgin, Baba Usman, Basudane. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Sudan, zangon bai tashi ba har yau. Wata irin tsohuwar Hausa yake yi, irin ta kakata. Da ya ji muna gardama a bayan kicin sai ya leƙo ya ce, "'Ya'yan wane gari ne ke faɗa da bakin uwata?" Tun daga ranar yakan dama mana kunun gero a ɓoye, ya zuba a gwangwanin madara ya ajiye a bayan tukunya. Ranar da na fara kurɓarsa sai da na juya fuskata bango, don kada Garba ya sami abin tsokana na shekara.

Jidda ce ta fi ci mini rai. Mukan isa, a sauke tumaki, amma mu ba mu da izinin taka ƙasa. Muna tsaye a bakin ƙarfen jirgi muna kallon motoci suna bin hanyar da aka ce ita ce ta Makka. Tumakin da na yi wa wanka su za su je, ni ban isa ba. Garba yakan daɗe a tsaye a wurin. Da muka kira gida, innata ta ce duk unguwa an san ɗanta yana zuwa Jidda, har wasu sun fara kirana Alhaji. Ban gyara mata ba.

A tafiya ta gaba ne na'urar da ke nuna mana inda muke ta tauraron ɗan'adam ta fara hauka. Wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya, wani lokaci ta nuna jirginmu yana kan tsauni a tsakiyar ƙasa. Ba mu kaɗai ba ne, jiragen da muke ji a rediyo duk kukan da suke yi ke nan, ana cewa masu rikici a yankin ne ke dagula ta. Bahar Maliya kuwa ba wurin tafiya da ka ba ne. Gefenta cike yake da duwatsun murjani da ke kwance dab da saman ruwa, ba ka ganinsu sai ka zo kansu.

Kyaftin ya buɗe wani akwatin katako ya fito da sekistan, wato ma'aunin da ake auna tsayin tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa. Mun koye shi a makaranta kamar yadda ake koyon tarihi, ba wanda ya zaci zai ci abinci da shi. Aikin yana da ɗan taƙaitaccen lokaci, da magariba da kuma asuba, sa'ad da taurari suka fito amma bakin teku bai ɓace ba. Idon kyaftin ya yi rauni, Cif kuma hannunsa rawa yake yi. Da aka ba Garba sai ga shi kamar da shi aka haife shi. Yaron da ya tashi yana kwana a tsakar gida da bazara ba a nuna masa Zara ko Gamzaki. Ni ma dalilin haka na samu fitowa daga cikin tumaki, domin ana bukatar mai riƙe agogo. In ya saukar da tauraron ya taɓa ruwa sai ya ce "yanzu", ni kuma in rubuta lokacin har da daƙiƙa, don daƙiƙa huɗu kacal in ta kuɓuce, jirgi ya gusa kusan mil guda a kan taswira.

Bayan awon sai lissafi, kuma lissafin dogo ne. Za ka ɗauko lamba daga littafin taurari, ka gyara ta saboda tsayin jirgi, ka gyara saboda iska, ka gyara saboda agogo, ka tara, ka ɗebe, hawa bayan hawa. Kowace lamba tana zuwa da 'yar ragowa a wutsiyarta. A makaranta ba ma taɓa ragowar nan, da ita muke tafiya har ƙarshe. Garba ma haka ya fara yi, a natse, yana motsa leɓe kamar mai lazimi. Kwana biyu kyaftin yana duba aikinsa yana gyaɗa kai, sannan ya bar dubawar a hannun Cif.

Cif ba shi da haƙurin jira. Wata magariba, ina tsaye da agogo a hannu, ya buga teburin taswira ya ce wa Garba, "Ba jarrabawa kake rubutawa ba. Dunƙule lambobin nan ka ba ni wuri, kafin ka gama jirgi ya wuce inda kake nema." Garba ya ce to. Daga ranar aikinsa ya yi sauri, Cif ya daina ko kallon takardar, sai dai ya karɓi wurin ya ɗiga a taswira.

Zafi ya tsananta a tafiyar nan. Harawa ta kusa ƙarewa, tumaki sun fara faɗuwa a hawan ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Cif ya shawo kan kyaftin a yanke hanya, a bi kusa da duwatsun don a rage tafiya. Na ji Baba Usman yana gunaguni a kan haka, amma wa ke tambayar kuku.

Da sassafe abin ya faru, rana ta fito tana dukan idon mai tuƙi, ruwan gaba duk ya zama farin ƙyalli. Ina ƙasa ina jan bututu na ji wata ƙara daga cikin cikin jirgin, doguwa, kamar ana jan garma a kan fako. Na faɗi a kan tumaki, tumaki suka faɗo a kaina. Injin ya yi shiru. A taswira muna da tazarar mil huɗu daga duwatsun, a zahiri kuwa muna zaune a kansu.

Allah ya taƙaita, jirgin bai ɓule ba, ba a rasa ran mutum ba. Amma da injin ya tsaya, fankokin da ke hura wa dabbobi iska suka rage ƙarfi, muka kwana biyu a wurin muna jiran jirgin da zai ja mu. Ba na son tuna kwanakin nan. Tumaki suna haki, harshe a waje, suna tattake juna wajen kwamin ruwa. Ni da wasu Somaliyawa biyu muka yi ta jan matattu muna jefawa a teku har hannuna ya daina ji. Akwai wani rago mai baƙin kunne da ya saba bina in ina zuba harawa, shi ma ni na ja shi. Na yi kuka, kuma ban ɓoye ba, don wanda ya tashi a gidan dabbobi ya san abin da ake nufi da asarar rai ko da na tunkiya ne.

Da aka ja mu muka fita, kyaftin ya kira Garba ɗakin tuƙi. Ni ma aka kira ni a matsayin mai agogo. Bai yi faɗa ba. Ya ba Garba awon asubar ranar ya ce ya sake lissafin a gabansa, yana faɗa da baki. Garba ya fara. Lamba ta farko ta zo da ragowar da ba ta kai rabi ba, ya cika ta zuwa lamba ta gaba. Ta biyu ma 'yar ƙanƙanuwa, ya cika. Daƙiƙoƙin gyaran agogo, ya cika. A ƙa'ida, ragowar da ba ta kai rabi ba zubar da ita ake yi, wadda ta kai rabi a cika ta, ta haka abin da ka ƙara a nan zai cinye abin da ka rage a can. Garba bai zubar da ko ɗaya ba. Kaɗan a nan, kaɗan a can, yawancinsu suna tura mu gefe guda. Kyaftin ya sake lissafin da kansa da ragowar duka, ya ɗiga wurin, sai ga ɗigon a bakin duwatsun.

Cif ya ɗaga hannu sama yana cewa ga shi nan, shi dama ya san ba a ba irinmu amanar jirgi. A nan na manta da sa hannu da komai. Na ce masa shi ya ce a dunƙule, a gabana, shi aka ba dubawa bai duba ba, shi kuma ya ja mu kusa da dutse. Na haɗa da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Kyaftin ya saurare ni har na gama, ya ce in koma wajen tumakina. Daga yadda ya kauce wa idona na gane ya san gaskiya, na kuma gane ba za ta yi aiki ba. Masu jirgi suna son sunan da za su miƙa wa masu tumaki, kuma Cif ɗan'uwan ɗaya daga cikin masu jirgin ne.

Da la'asar na sami Garba a bayan jirgi yana kallon kumfar da muke bari. Na zo da niyyar lallashi, amma halina ya rinjaye ni. Na ce masa yaron firamare ma ya san in abu bai kai rabi ba zubarwa ake yi, me ya shiga kansa?

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sani, Sale. A kai na sani. Hannuna ne bai sani ba."

Ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba duk zamanmu. Mahaifinsa, Malam Idi, mai awo ne a kasuwar Gwaram, a gefen buhunsa Garba ya girma. Tsohon ba ya tsoron komai a duniya kamar tauye mudu. In ya auna ya cika kwano har ya yi tsororuwa, sai ya ƙara gyara, in an sami kokwanto ko ya cika ko bai cika ba, to a cika. Ranar da Garba yana ƙarami ya share kan tiya da hannu don ta yi daidai, dukan da ya sha bai manta ba, tsohon yana yi yana karanto masa azabar masu tauye awo. Ya ce tun daga nan bai taɓa samun ragowa a gabansa ya zubar ba. Da Cif ya ce ya dunƙule, ko tunani bai yi ba, gani ya yi kamar in ya rage ya ci haƙƙin wani.

Haushi ya cika ni, amma na rasa wanda zan ji haushinsa.

A Jidda aka sauke abin da ya rage na tumaki, muka juyo. Da muka iso Barbara aka ce Garba ya tattara kayansa. Ba sa hannu, watannin da ya yi sun tafi a banza. Fasfo ɗinsa kuma wakilin masu jirgi ya riƙe, wai sai an gama shari'ar asarar. Na ɗauko jakata na ce tare muka zo tare za mu sauka. Wannan ne karo na farko da na ga Garba ya yi fushi. Ya fizge jakar ya jefa ta cikin jirgi, ya ce in mu biyu muka koma hannu rabbana, me za a ce a gida, kuma wa zai ƙara yarda a tura ɗan ƙauye karatun teku? Baba Usman ya kawo masa ƙullin gero da 'yar tukunya, ya haɗa shi da wata tsohuwa mai sayar da shayi a bakin tasha, ta ce ya riƙa kwana a rumfarta yana yi mata gadi.

Kafin a janye tsani ya riƙe hannuna ya ce, "In ka je Gwaram ka faɗa wa Baba na yi kuskuren lissafi. Amma don girman Allah kada ka gaya masa irin kuskuren."

Na ƙarasa watannina a jirgin nan ba na ga maciji da Cif. Duk dawowarmu Barbara nakan tarar da Garba ya ƙara ramewa, yana dako a tasha, shari'a kuma kullum sai wata mai zuwa. Kyaftin ya sa mini hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Na karɓi takardar da na yi shekaru ina mafarkinta, ban ji daɗin komai ba.

Bayan na kwana biyu a gida na hau mota zuwa Gwaram, ranar kasuwa. Ban sha wahalar samun Malam Idi ba, kowa ya san rumfarsa. Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farin gemu, yana zaune a tsakanin buhunan gero da dawa. Da na faɗi sunana ya tashi ya rungume ni, ya shimfiɗa mini buhu, ya aika a kawo fura. Suna waya da Garba jefi-jefi, amma ya ce yaron ba ya faɗa masa komai sai lafiya lau. Ya bari sai da na sha furar, masu saye suka ɗan lafa, sannan ya ce in gaya masa tsakanina da Allah abin da ya hana ɗansa dawowa.

Na ba shi labarin na'urar da ta lalace, da taurari, da duwatsu, da tumaki. Na daɗe a kan Cif, don a nan bakina ya fi sakewa. Na ce Garba ya yi ɗan kuskure a lissafi, aka ɗora masa laifin kowa. Ya tambaye ni kuskuren ya kai nisan ina. Na ce kamar daga nan zuwa ƙauyen da ke bayan fadama. Ya ce wannan ai tafiyar da yake yi a ƙafa ce kafin hantsi.

Wata mata ta zo sayen gero, ya auna mata, ta tafi. Ya juyo gare ni, idonsa ya kaɗa.

"Garba ba ya wasa da awo," in ji shi. "Ni na san abin da na haifa. In ya yi kuskure, to haka aka koya masa. Wane malami ne ya koya masa wannan lissafin?"

Na ce malaman suna da yawa, ban riƙe sunansa ba.

"Ko ba ka riƙe ba, Allah ya san shi. Mutumin da ya karɓi yaro amana ya koya masa abin da zai raba shi da gida, ni kam tsakanina da shi..."

Ya ɗaga hannu zai yi Allah ya isa. Ban san lokacin da na kama hannun ba. Ni da ban taɓa hana kowa zagi ba, na riƙe hannun tsohon nan da hannuwana biyu a tsakiyar kasuwa, mutane suna kallo.

"Baba, kada ka yi. Na san shi. Mutumin kirki ne, bai nufi Garba da sharri ba. Ka yafe masa."

Ya dube ni ya daɗe, yana jiran in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. A hankali ya sauke hannun a kan gwiwarsa.

"To, tunda ka ce haka," ya ce. "Na yafe masa. Allah ya dawo mini da yarona."

Na ce amin. Na zauna tare da shi har aka kira la'asar, muka tafi masallaci, yana gaba ina biye.